Lauyar da ta yi mana takardun riƙon ɗiyata a Birnin Kebbi, abin da na yaba da abin da ya ɓata min rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka ji mun karɓo takardar kotu ta riƙon ɗiyata mata ke ta kirana, wace lauya ce ta yi muku, nawa ta karɓa, wai ma dole ne sai an yi takarda alhali yarinyar jininki ce. Maimaita magana ɗaya a waya ya yi yawa shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Sunan ofishin ba zan sa ba don akwai wuraren da zan yi ƙorafi kuma ba na son a ce na zo ɓata wa baiwar Allah sana'a, ƙaramin ofishi ne dai a nan cikin Birnin Kebbi, saman bene, ita Barista da wani matashin lauya da ke ƙarƙashinta sai yarinya ɗaya mai karɓar baƙi da buga takardu. Hukuncina tun daga farko shi ne matar ta san aikinta kuma tana jin tsoron Allah a cikinsa, amma tsarin ofishin akwai wahalarwa, in ba mai haƙuri ba ce ke za ki iya yin zuciya ki bar musu fayil ɗin ki yi tafiyarki.

Yarinyar ɗiyar ƙanwata ce, ciki ɗaya muka fito. Babanta 'yan bindiga suka tare motarsu a hanya can ƙasar Zuru, Allah ya jiƙansa da rahama, ita kuma ƙanwata ba ta wani daɗe a bayansa ba ciwo ya kwantar da ita har rai ya yi halinsa. Innarmu ta tsufa ido ma ya yi rauni, to ni na ɗauko ta tana 'yar shekara uku, yanzu tana aji biyu na firamare. Kun san yadda muke, riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kusan kowane gida akwai ɗan riƙo, wani ɗan fari ne aka kai wa kaka, wata goggo ce ba ta samu haihuwa ba aka ba ta tallafi, ba wanda ke zuwa kotu, dattawa su zauna a zaure a yi magana a shafa fatiha shi ke nan. Abin da ya canza zamani ne, yanzu komai sai an ce ina takarda. Makaranta na son takardar haihuwa, wurin NIN ana tambayar na iyaye, a asibiti da za a yi mata ɗan ƙaramin aiki a maƙogwaro sai da aka tambaye ni ke mi ce ce a wurinta kafin a bar ni in sa hannu, inshorar lafiya ta wurin aikin maigida an ce 'ya'yan cikinsa ake sawa, ga shi muna da niyyar Umra da ita in Allah ya hore kuma fasfon yaro sai da yardar iyaye a rubuce ko takardar kotu. Sannan ga haƙƙin babanta da ya bari. Dangin uban mutanen kirki ne ba mu taɓa sa-in-sa da su ba, amma rai fa, wanda kuka yi magana da shi a zaure yau gobe babu shi, 'ya'yansa kuma ba su san an yi ba.

Zaman farko naira 10,000 aka karɓa kafin mu shiga kuma an ba mu rasit. Na ji kuɗin a raina gaskiya, amma da muka fito na san ba a cuce mu ba, don ta ba mu lokaci sosai ba ta duba agogo, kuma da Hausa tsantsa ta yi mana bayani ba irin waɗanda za su cika ki da turanci ki fito ba ki san inda aka dosa ba. Tambayoyi ta fara jerowa, wa ya rage a dangin uwa, kakar yarinya na raye, wa ya rage a dangin uba, an raba gadon mamacin ko ba a raba ba, akwai takardar shaidar rasuwa ta su biyun, an taɓa yi wa yarinya rajistar haihuwa kuma da wane suna, na shayar da ita ko ban shayar ba. Wannan ta ƙarshen ban zaci jin ta daga bakin lauya ba, sai can gaba na ga inda ta nufa.

Abin da ya sa na sakankance da ita ga shi. Akwai wani mai shagon buga takardu da ya taɓa ce wa maigida ai duk wannan wahalar banza ce, a kawo 'yan kuɗi kaɗan a yi takardar rantsuwa a fitar da sabuwar takardar haihuwa da sunansa a matsayin uba ni kuma uwa, magana ta ƙare, wai kowa ma haka yake yi. Maigida ya kawo zancen gabanta don ya ji matsayin abin. Ta ajiye biro, ta cire gilashinta ta ɗora kan fayil, ta ce "Alhaji, in wannan kuka zo nema ku karɓi kuɗinku yanzu, ni ba na yin shi. Rantsuwa kan ƙarya laifi ne a doka, kuma ranar da baffanninta suka ga takardar nan ku da kuka yi alheri ku za a kira ɓarayin yarinya. Ta fuskar addini kuwa kun fi ni sani, Allah cewa ya yi a kira su da sunan ubanninsu." Sai ta juyo wurina ta ce "Malama, yarinyar nan ta rasa uwa ta rasa uba, sunan ubanta shi ne abin da ya rage mata nasa, kar a karɓe mata shi." Wallahi sai da na goge hawaye a wurin, maigida ma shiru ya yi yana gyaɗa kai.

Daga nan ta warware mana dokar tiryan-tiryan, kuma wannan ɓangaren shi ne na ga ya fi kuɗin da muka biya. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya an yi ta ne a 2003 zamanin Obasanjo, amma da yake sha'anin yara hurumin jihohi ne, Abuja kawai ta hau kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta zauna ta yi tata. Jihohin kudu da yawa suka yi da wuri, namu na nan aka yi ta jan ƙafa kusan shekara ashirin kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, maganar shekara 18 kafin aure da maganar mayar da ɗan wani naka har ya ci gadonka su ne malamai suka ce sai an duba. Sakkwato ta sa hannu a 2021, mu nan Kebbi a 2022 Gwamna Atiku Bagudu ya sa wa tamu hannu, Zamfara ma a shekarar ce Matawalle ya sa, Kano sai 2023. Ta ce tun asali ma dokar ɗaukar ɗa ta farko a ƙasar nan tsohon Yankin Gabas ne ya yi ta a 1965, Legas ta biyo a 1968, arewa ba ta da irinta a wancan lokacin, shi ya sa har yau in kika shiga wasu ofisoshi da wannan zance sai ki ga ana kallon juna, abin sabo ne a hannun mutane da yawa.

Ta karanta mana sharuɗɗan da ke cikin ta tarayyar don mu ga nauyin abin. Ma'aurata sai kowannensu ya kai shekara 25, mai ɗauka ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, wanda ba shi da aure sai ya kai 35 kuma yaron ya zama jinsinsu ɗaya, sai kun zama 'yan Najeriya, sai kun shekara biyar zaune a jihar, yaro ya zauna hannunku wata uku a jere kafin kotu ta yanke, kuma a sanar da 'yan walfiya, wato jami'an gwamnati masu kula da jin daɗin jama'a, tun wata goma sha biyu kafin nan. In kotun iyali ta ba da wannan umarni to a idon waccan doka yaro ya zama kamar ku kuka haife shi, har gado, kuma haƙƙin iyayensa na asali ya yanke. Amma ta ja mana kunne ta ce kar wanda ya haddace lambobin Abuja ya tafi da su ko'ina, kowace jiha ta yi wa tata kwaskwarima daidai da mutanenta, abin da majalisar jiharki ta rubuta shi alƙali zai duba, don haka duk lauyan da kika je wurinsa ki ce ya buɗe miki ta jiha ki gani da idonki. Ita tana da kwafi a kan teburinta duk ta sa masa alama da biro ja. Ta ce 'yan uwanmu Kirista, musamman daga ɓangaren Zuru da Yauri, wasunsu waccan cikakkiyar ɗaukar suke zuwa nema kuma tana yi musu, amma ga Musulmi hanyar da ta dace ita ce riƙo, wato ki ɗauki nauyin yaro ci da sha da karatu da tarbiyya, kotu ta tabbatar yana hannunki da izini, amma nasabarsa na nan ba a taɓa ba. Har ta ce mana yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a sashe na 20, don haka kar wani ya raina takardar riƙo ya ce ba ta kai ba.

Mu namu a kotun shari'a aka yi. Ta ce tsarin mulkin 1999 da kansa a sashe na 277 ya lissafa riƙon ƙananan yara da kyauta da wasiyya da gado cikin abubuwan da ake yi wa Musulmi hukunci da shari'arsu. A Malikiyya in uwa ta rasu reno na komawa ga kaka ta wajen uwa, bayan ita sai inna wato 'yar'uwar uwa, kuma ɗiya mace tana hannun mai renonta har ta yi aure ta tare. To Innarmu ta zo ta faɗa da bakinta cewa ba za ta iya ba ta bar mini. Sai dai Barista ta fito mini fili ta ce reno daban walicci daban, ranar auren yarinyar nan baffanta ne waliyyi ba maigidana ba, kuma kar in ɗauka takardar kotu ta ba ni ikon raba ta da dangin ubanta. Na ji wani iri a raina don ni nake tashi da ita tsakar dare in zazzaɓi ya kama ta, amma gaskiya ce kuma gara da na ji ta yanzu.

A nan ne ma na ga wayonta. Wani lauyan da takardar sammaci zai fara, dangi su ji an kai su ƙara zumunci ya lalace. Ita ta ce a'a, ta karɓi lambar babban baffan ta kira shi a gabanmu, ta gaishe shi da ladabi tana Baba kaza Baba kaza, ta yi masa ta'aziyyar ƙaninsa duk da an daɗe, ta ce ba ƙara ba ce, so ake a rubuta abin da kuka riga kuka amince a kai don gaba, kuma sunanku zai shiga a matsayin dangin uba masu haƙƙin ziyara da walicci. Dattijon nan da kansa ya zo. Ranar da aka shiga gaban alƙali aka tambaye shi ko ya yarda, ya miƙe ya ce "Allah ya gafarta Malam, tun da uwarta ta rasu ba mu taɓa zuwa muka same ta da datti ko yunwa ba, mun yarda, Allah ya saka musu." Alƙali ya kira yarinyar ya tambaye ta sunanta, ta faɗa har da na babanta, ya tambaye ta wa ke kai ta makaranta ta nuna maigida. Kafin ranar 'yan walfiya sun zo gida bisa shawarar Barista don rahotonsu ya shiga fayil, sun duba inda take kwana, katin rigakafinta, sakamakon makaranta, sun ɗan yi magana da maƙwabciyata a waje ba a gabana ba. Ba su wulaƙanta mu ba.

Maganar dukiya ita ce inda na fi son mata su buɗe kunne, don nan ne ake zaluntar marayu ba tare da an yi niyya ba. Ɗiyar riƙo ba ta gadon maigidana, kuma da 'ya'yana a raye ba ta da kaso a nawa gadon, duk son da muke mata. In muna son ta samu wani abu hanya biyu ce. Ko wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, ko kyauta tun muna da rai da lafiya. Kuma ta nanata mana cewa kyautar baki ba ta isa ba, a Malikiyya kyautar da ba a damƙa ba har mai kyautar ya mutu ta ɓaci, ta koma cikin gado, magada su raba abinsu yarinya na kallo. Sai an rubuta, an sa shaidu, an fitar da abin daga hannun mai bayarwa a zahiri, in fili ne takardarsa ta koma sunanta. Ta ɓangaren babanta kuwa tunda ita kaɗai ya haifa rabin abin da ya bari nata ne, sannan tana da rabo a abin da uwarta ta bari. Barista ta sa aka rubuta komai dalla-dalla, aka buɗe mata asusun banki da sunanta, ta ce in sayi littafi ɗan ƙarami duk abin da ya shiga ko ya fita daga kuɗin marainiya in rubuta da kwanan wata in liƙa rasit, don ranar da ta girma ko wani ya tambaya kar a dogara da tunani. Wannan shawarar kyauta ta ba ni kuma ina bin ta.

Tambayar shayarwa kuwa ga dalilinta. Da a ce na shayar da ita tana cikin shekara biyun farko da ta zama 'yar'uwar 'ya'yana maza ta nono, maigida ya zama ubanta na shayarwa. Tunda ta wuce wannan lokacin kafin ta zo hannuna, yarana 'yan uwanta ne na dangi kawai, aure na halatta tsakaninsu, don haka in sun tasa sai a kula da wurin kwana da sutura. Ta ce masu ɗauko jarirai su yi wannan tunanin da wuri su tambayi malamai, in matar gidan ko 'yar'uwarta na shayarwa to ga dama nan kafin lokaci ya wuce.

A ɗakin jira na haɗu da wata baiwar Allah da mijinta, sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, su daga gidan marayu suke son ɗauka. Nasu ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba, don yaron da ba a san iyayensa ba gwamnati ce uwarsa da ubansa, sai an bi ta ma'aikatar harkokin mata, a rubuta takardar nema, a kawo shaidar aure da ta lafiya da ta sana'a, masu tsaya muku, a zo a duba gida, sannan kotu. Na tambayi Barista me ya sa ake tsanantawa haka alhali ga yara can suna buƙatar gida, ta ce Malama kin manta yaran Kano da aka sace aka gano su a Anambra a 2019 an canza musu suna? Duk wanda ya ce miki ga jariri a wani gidan haihuwa ko hannun wata ungozoma ki kawo kaza a ba ki, ki gudu, wannan cinikin mutum ne, aikin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ne, dokar tarayya ta hana bayarwa ko karɓar kuɗi don a ba ki yaro. Wanda ya tsinci jariri ma ba gida zai wuce da shi ya yi shiru ba, 'yan sanda da mai unguwa da walfiya za a fara sanarwa, in yana son riƙon sai ya nema ta hanya. Ta ƙara da cewa masu 'yan uwa a waje da ke cewa a turo musu maraya su sani abin ba sauƙi, Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe, Ingila ma tun 2021 ta sa takunkumi na musamman kan ɗauko yara daga Najeriya.

Matar nan da muka zauna tare ta ce min abin da ya fi damunta ba takardu ba ne, bakin mutane ne, tun ba a kawo yaron ba dangin miji sun fara cewa za a kawo musu wanda ba a san asalinsa ba. Abin ya tsaya min a rai. Yaron da aka yar a kwali mi ya yi? Ɗaukarsa fa farilla ce a kan al'umma, in ba wanda ya yi duk mun yi laifi, kuma mun san matsayin da Annabi (SAW) ya ba mai riƙon maraya. Muna son ladan a wa'azi amma in maƙwabciya ta ɗauko sai mu bi ta da gulma, yaro ya tashi ana nuna shi a makarantar allo. Wannan ba gyaran majalisa ba ne, namu ne.

To yanzu ƙorafi, kuma ina fata in ta ga wannan rubutu ta gyara don ina son ofishin ya ɗore. Na farko lokaci. A ce miki ƙarfe goma, ki bar aiki ki hau kabu-kabu cikin ranar Birnin Kebbi ki zo, a ce Barista na kotu, ki zauna har azahar ba wanda zai ce miki ga halin da ake ciki. Na san lauya ba ya da iko da lokacin kotu amma saƙon tes ɗaya ya isa. Waya kuma in ba sa'a kika yi ba ba a ɗauka, matashin lauyan in ya ɗauka sai ya ce bari ya tambaya, fayil ɗinmu bai san abin da ke ciki ba sam.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ranar da aka ɗaga zama ba a gaya mana ba. Dattijon nan baffanta ya taso tun asuba daga ƙasar Zuru, kowa ya san halin da hanyoyin can ke ciki, a hanya aka kashe ƙaninsa, ya iso a gajiye sai a bakin kotu muka ji an ɗaga, kuma ofishin sun sani tun jiya. Na rasa inda zan sa fuskata. Barista ta ba shi haƙuri da kanta har ta biya masa kuɗin mota daga aljihunta, na yaba da wannan, amma da wani abu ya same shi a hanya fa? Mutumin da ya zo yi wa marainiya alheri bai kamata a sa ransa a hatsari saboda an manta kiran waya ba.

Sai kuskuren rubutu. A takardar farko da aka buga sunan babanta bai yi daidai da yadda yake a takardar haihuwarta ta hukumar ƙidaya ba, harafi ɗaya ne amma kun san a wurin fasfo da NIN harafi ɗaya na iya tsayar da komai, maigida ne ya lura, sai da aka koma aka gyara. Don haka duk takardar da aka miƙo miki ki zauna ki karanta suna da kwanan wata ɗaya bayan ɗaya kafin ki bar wurin. Kuɗi ma ba a rubuta mana jimla tun farko ba, an faɗi kuɗin aiki mun amince mun biya kashi biyu, amma daga baya yau a ce kuɗin shigar da takarda gobe a ce na hatimi jibi na fotokwafi, ba su da yawa kuma ban ga alamar cuta ba, sai dai mai ƙaramin ƙarfi yana son ya san abin da zai tanada gaba ɗaya. Ki nemi a rubuta miki komai a takarda ɗaya tun ranar farko, wanne na lauya wanne na kotu.

Abu na ƙarshe kuma mai nauyi, sirri. Yarinyar da ke karɓar baƙi tana da fara'a amma muryarta na tashi, za ta ɗaga murya ta ce ku ne masu maganar yaron gidan marayu ko, a gaban kowa. Na ga yadda matar nan ta sunkuyar da kai. Garin nan ƙarami ne, kowa ya san kowa, irin wannan zance a ɗaki ake yin shi a rufe ƙofa. Benen ma tsaye yake sosai, Innarmu da kyar muka hau da ita, kuma ba wurin alwala na mata.

Kar kuma a ɗauka takardar na buɗe kowace ƙofa nan take. Makaranta sun karɓa ba musu, asibiti ma haka, banki ma da ita muka yi amfani. Maganar inshora har yanzu ana kai da kawo, Barista ta rubuta musu wasiƙa muna jira. Ita da kanta ta gaya mana tun farko cewa dokar na gaba ma'aikatu na biye a hankali, wani jami'in bai taɓa ganin irin takardar ba sai ya kai wa na sama da shi.

In za ki je wurinta ko wurin wani lauyan daban, ki tafi da takardar haihuwar yaro ta asali, shaidar rasuwar iyaye in sun rasu, shaidar aurenku, katin shaidarku ke da maigida, hotuna, da lambar wani babba a dangin uba wanda ake jin maganarsa, kuma ki fara yi wa dangin magana da kanki kafin su ji daga bakin lauya. In iyayen na raye kuma riƙon zumunci ne na ɗan lokaci, ta ce wasiƙar amincewa da sa hannunsu da shaidu ma tana rage matsala sosai ba sai an kai kotu ba. Ni dai zan sake komawa wurinta, kuma na riga na tura ƙawata da ke riƙon 'ya'yan yayanta guda biyu, na dai ce mata ta riƙa kira tana tabbatarwa kafin ta fito daga gida. Mu abin da ya rage mana yanzu takardar kyautar filin da maigida ya ware wa yarinyar, Barista ta ce mu zo da shaidu biyu da takardar filin ta asali bayan sallah.